Ranar da Na Dasa Ciyawa a Hamadar Namakwa

Da sunan Allah nake fara wannan rubutu, Shi da Ya fitar da ni daga Kazaure lafiya, Ya kuma dawo da ni da abin da ya rage na mutuncina. Abokan zamana na ƙofar gida sun matsa mini da tambayar abin da na gano a Afirka ta Kudu, na kuwa lura cewa duk wanda na ba labarin da baki, kafin ya isa kasuwa ya ƙara masa gishiri. Saboda haka na ga ya fi dacewa in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru, domin mai dariya ya yi ta a kan gaskiya.

Ni malamin gona ne mai ritaya. An horar da mu a zamanin da malami ke duba farcen ɗalibi kafin ya duba littafinsa, kuma na yi wa gwamnati aiki fiye da shekara talatin a ƙauyukan Gwiwa da Roni da Babura da Yankwashi, da farko a kan keke, daga baya a kan babur. A duk tsawon wannan aiki abokin gabata ɗaya ne, shi ne ƙuduji, ciyawar nan mai fure shunayya da wasu ke kira wuta-wuta, wadda ke manne wa saiwar gero da dawa ta tsotse su har su ƙanjame. Babu gindin bishiyar da ban tara manoma na karanta musu dokarsa ba: ka tuge shi da saiwarsa tun bai zuba iri ba, kada ka yar da shi a gona, ka ɗauke shi ka fita da shi ka ƙone. Har yau akwai tsofaffi a Gwiwa da ba su san sunana ba, Malam Tuge-ka-ƙone suke ce mini.

Ɗana na fari sunan mahaifina gare shi, don haka Abba muke kiransa. Na tura shi ya karanta ilimin tsirrai, ya yi ƙoƙari har aka ba shi gurbin ƙaro karatu a Afirka ta Kudu. Yarjejeniyarmu a fili take: ya gama, ya dawo, ya karɓi gonarmu ta gado da ke kan hanyar Roni, wadda gwiwoyina suka fara gaza zagayawa, wasu 'yan'uwa kuma suka fara kallonta da idon masu yanka filaye. Ya gama, bai dawo ba. Kullum amsarsa ita ce ya sami aiki a fanninsa. Sai wata rana mahaifiyarsa, Hajiya, ta miƙo mini waya tana murmushi, wai in ga Abba a bakin aiki. Na gan shi sanye da gajeren wando da wata faffaɗar malafa, yana riƙe da 'yar tuta, Turawa na biye da shi a daji suna kallon ciyawa. Na kira shi na tambaye shi sunan wannan aiki. Ya ce shi jagora ne, yana kai baƙi hamada su ga furannin da ke fitowa sau ɗaya a shekara. Ya ƙara da cewa in zo in gani da idona, amma sai cikin watan Agusta ko Satumba, don a lokacin kawai suke buɗewa. Wato tsakiyar damina, sa'ad da manomin kirki ba ya nisa da gonarsa ko don bikin maƙwabci. Na amince, ba kuwa don kallon fure ba. Na bar gonar a hannun maƙwabcina Malam Hashimu, na ƙudura a raina cewa ba zan dawo ba sai da yaron nan.

Zangona na farko shi ne filin jirgin saman Johannesburg, inda aka tarbe ni da kare. Wani jami'i ya jawo shi ya shinshina babbar rigata, rigar da na je Idi da ita, sa'an nan ya tsaya a kan jakata yana kaɗa wutsiya. Aka buɗe, aka fitar da kuka da daddawa da kilishin da Hajiya ta ƙulla wa ɗanta. Na yi musu bayani da Turancin da aka koya mana, mai cikakkiyar jimla, suka dube ni kamar na fito daga cikin tsohon littafi. Suka ce doka ta hana shiga da ganye da nama. Daddawar ce ta fi ba su tsoro. Da yatsa biyu aka ɗauke ta aka jefa a kwandon shara.

Ina fitowa wani mutum mai rigar ma'aikata ruwan ɗorawa ya tare ni.

"Alhaji, sannu da zuwa! Yaya Kano?"

Hausarsa a karye take, amma a wannan wuri ta yi mini daɗi kamar ruwan randa. Ya ce ya zauna a Sabon Gari shekaru, ya ci tuwon Hausawa, ba zai tsaya yana kallon dattijo da kaya a hannu ba. Ya karɓi ƙaramar jakata, wadda bargona da rigar sanyina ke ciki, ya zaunar da ni a kan wani benci, ya ce zai je ya kama mini layin jirgin Cape Town. Ina nan zaune har aka kira jirgin. Ban sake ganin ƙeyarsa ba. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina gargaɗin manoma game da masu sayar da gurɓataccen taki, ga shi an cuce ni da gaisuwa ɗaya. A wannan ƙasa kuwa ta birkitattun lokuta, watan Agusta ƙarshen hunturu ne. Na shiga jirgin haƙorana suna haɗuwa.

A Cape Town Abba ya tarbe ni. Ya durƙusa har ƙasa a gaban jama'a ya gaishe ni, wannan kuwa ya ɗan sanyaya mini zuciya.

"Baba, sannu da hanya. Ina rigar sanyin da na ce a taho da ita?"

"Na ba wani mutumin Sabon Gari ajiya," na ce.

Ya dubi fuskata, ya ɗauki jakata muka fita.

Ɗaki yake haya a gidan wata tsohuwa, Hajiya Gadija, ɗaya daga cikin Musulmin da kakanninsu suka daɗe a birnin. Da ta ga ina karkarwa sai ta shiga ciki, ta fito da kwat ɗin marigayi mijinta ta ɗora mini a kafaɗa, tana cewa bismillah. Na rubuta wannan ne don kada a ce na je ƙasar mutane ban ga alheri ba. Abincinta dai na ci ne don kunya, gama suna dafa nama da sukari da busassun 'ya'yan itace, abin da ko yaro ba zai yi a Kazaure ba tare da an tuhumi hankalinsa ba. Da lokacin salla ya yi na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas kamar yadda na saba tun ina ɗan yaye. Ta zo ta kama gefen dardumar ta juya ta wajen arewa, ta ce nan ne alƙibla. Ita kanta rana a can ta arewa take bi. Ruwan samansu kuma yayyafi ne mai sanyi marar ƙamshi. Ina kwance cikin kwat ɗin mamaci, sai in tuna cewa a daidai lokacin gero yana fitar da kai a hanyar Roni, ƙasa tana wannan ƙamshi nata na bayan ruwa, mata suna gasa masara a bakin tasha.

Washegari bayan karin kumallo na zaunar da shi.

"Abba, ka san abin da ya kawo ni."

"Na sani, Baba."

"Gonar kakanka ba ta da mai ita. Na tura ka ka koyi yadda ake ciyar da mutane, ka ƙare a nuna wa ƙosassu ciyawa."

"Baba, a yi haƙuri a ga aikin tukuna. In an gani, sai a yanke mini hukunci."

Ya ciro wani kati da ke rataye a wuyansa ya nuna mini. Ya ce shi ne lasisin jagora, da wahala da jarrabawa ya same shi, kuma takardar zamansa a ƙasar a jikin wannan kati take. Kuskure ɗaya a gandun daji ya isa a karɓe shi, in kuwa aka karɓe, sai ya tattara kayansa ya bar ƙasar. Na ce Allah Ya kyauta. Amma na adana maganar a inda nake adana abubuwa masu amfani.

Muka kama hanyar arewa a wata ƙaramar bas, Abba na tuƙi, ni a gaba kusa da shi, baƙinsa a baya. Akwai wasu mata da miji daga Japan masu kyamarori kamar bakin igwa, da wasu Turawa tsofaffi, da wata tsohuwa Bajamushiya mai suna Madam Ilse, wadda ta girme ni, tana dogara sanda. Ta gaya mini wannan ne zuwanta na uku, duk don wani ɗan fure guda da ba ta taɓa dacewa da shi a buɗe ba, kuma likitanta ya ce kada ta sa ran zuwa na huɗu. Na tambaye ta ko ana cinsa. Ta ce a'a. Ko ana magani da shi. Ta ce a'a. Na ce Allah Ya sa ta dace, don an koya mana girmama tsofaffi.

Abin da ya fi ƙona mini rai a motar nan shi ne yadda suke kiran Abba. Sunan mahaifina, wanda ni kaina ban taɓa furtawa ba tun da aka raɗa wa yaron, shi suke kira gatsal, babu ko sakayawa. Wane, tsaya nan. Wane, ina ruwan sha. Wane, riƙe mini jaka. Shi kuwa yana amsawa da fara'a.

Tafiya ta yi tafiya, gonakin inabi suka ƙare, duwatsu suka yi baƙi, ƙasa ta bushe, har muka shiga yankin da suke kira Namakwa. Muka sauka a wani gari mai titi ɗaya. A nan na fara sanin halin abin da muka zo gani. Furannin nan ba sa buɗewa da asuba kamar yadda kowane mai neman halal ke tashi. Sai rana ta take, wuri ya yi ɗumi, sa'an nan su ga dama. In da gajimare, ba sa buɗewa sam. Tun la'asar kuma sun rufe sun tashi daga aiki. Na yi aiki da irin waɗannan a sakatariyar ƙaramar hukuma, amma ban taɓa jin an hau jirgi don a je a gan su ba. Ranarmu ta farko gajimare ne, don haka manyan mutane masu furfura suka wuni a barandar masauki suna kallon sama suna tsaki. Mu ma a gida muna kallon sama a watan Agusta, amma hadari muke roƙo.

Washegari da rana ta fito muka shiga wani gandu mai shinge da ƙofa da masu gadi. Ba zan yi ƙarya ba: yawan abin ya wuce misali. Daga ƙafar mutum har inda ido ya gaza, ƙasa ta rufe da ruwan lemo da ruwan ɗorawa da fari, kamar an shanya atamfofin duniya gaba ɗaya. Baƙin suka yi ta kuwwa. Ni kuwa abin da na gani shi ne fili mai faɗin gundumar Gwiwa da aka bari ciyawa ta cinye, aka kuma kewaye shi da waya don kada ko tunkiya ta amfana. Abba ya ce a juya wa rana baya, wai furannin ita suke fuskanta. Mutumin Japan ya kwanta rub da ciki a cikin ƙura yana ɗaukar hoton wani abu da bai kai ƙwayar wake ba. Abba yana tafe yana jero sunaye da Latin, suna rubutawa. Na tuna kuɗin makarantar da na biya da buhunan gyaɗa, na kau da kai.

A ƙofa an karanta mana doka: kada a sauka daga turba, kada a tsinki fure. Na ji, na kuma fahimce ta a matsayin dokar kare kayan kallo. Ban taɓa zaton akwai hukumar da za ta kafa doka don kare annoba ba.

Da azahar ta yi na bar su suna cin abinci, na zagaya bayan wani dutse don in yi salla. Ina sallamewa idona ya faɗa kan gindin wani ɗan kurmi da ya yi yaushi. A jikinsa ga wasu 'yan tsirrai gajeru masu fure shunayya, a tsaye ƙyam, an ma jera musu ƙananan duwatsu kewaye. Ganyen ba daidai yake da na gida ba, amma launin da tsayuwar da yadda suka maƙale wa mai gidansu, duk na san su. Hannuna bai nemi shawarata ba. Na sa yatsu na tona, na tuge su da saiwarsu tsaf, yadda na koya wa dubban manoma. Ban yar da su a wurin ba, domin wannan aikin jahilai ne. Na naɗe su a hankicina, na koma mota, na sa a aljihun gaban mota da nufin in ƙone su a masauki. Sa'an nan na kishingiɗa, ina jin cewa aƙalla mutum ɗaya ya yi aiki a gandun nan yau.

Gyangyaɗi ya ɗauke ni. Da na farka sai na ga ayarin yana dawowa shiru. Madam Ilse tana share hawaye, Abba yana magana a waya fuskarsa a murtuke.

"Lafiya?" na tambaye shi.

"Ɓarayi, Baba. Furen da tsohuwar nan ta zo dominsa, ɗazu a ƙofa masu gadi suka tabbatar mini ya buɗe. Mun je mun tarar da rami. Akwai masu tone tsirran nan suna sayarwa ƙasashen waje, ɗauri ake yi a kansu. Na sanar da ƙofa."

"Allah wadaran ɓarawon ciyawa," na ce, da zuciya ɗaya kuwa na faɗa, domin ban ga abin da ya haɗa ni da maganar ba. Ni ban saci fure ba. Ƙuduji na cire.

A ƙofa muka tarar an tsayar da motoci ana bincike. Shugaban masu gadin wani ƙaton baƙin mutum ne mai furfura a gemu. Ya sa aka sauke mu, aka duba jakunkuna, aka ɗaga kujeru. Daga ƙarshe ya buɗe aljihun gaban mota, ya ciro hankici, ya warware shi a kan murfin injin. Madam Ilse ta yi wata ƙara ta dafe ƙirji. A lokacin ne abin ya haɗu a kaina.

Hankicin nan Hajiya mahaifiyar Abba ce ta yi masa ɗinkin baki da koren zare. Abba ya dube shi sau ɗaya. Bai dube ni ba.

"Nawa ne," ya ce wa shugaban da Turanci. "Ni na ɗauka, don nazari."

"Kai?" in ji shugaban. "Kai da ka kira mu?"

"Ni ne."

Shugaban ya miƙa hannu. Abba ya sunkuyar da kai, ya zare igiyar katin daga wuyansa ya ba shi.

A nan zan faɗi abin da ya gudana a zuciyata, don ban saba rubuta rabin rahoto ba. Na ga abin da ya fitar da ni daga gida a tsakiyar damina ya zo hannuna ba tare da na roƙi kowa ba. In na yi shiru, katin ya tafi, takardar zama ta bi shi, yaron nan ya hau jirgi tare da ni. Kafin a yanke gero yana hanyar Roni. Na hango shi a kan kunya yana duba zangarniya, na hango 'yan'uwan nan masu son yanka filaye suna haɗiye yawu. Shiru kawai ake nema daga gare ni, ni kuwa na iya shiru.

Sai na dubi wuyansa da babu komai a kai, da yadda ya tsaya hannuwa a baya kamar mai laifi a gaban alƙali, Turawan da ɗazu ke rubuta maganarsa suna ja da baya daga gare shi. Na zo ne in mayar wa gonar mahaifina da magaji. Ban zo in kai mata wanda aka kora da sunan ɓarawo ba, ɓarawon ciyawa kuma, alhali yana ɗauke da sunan mai gonar.

Na gyara kwat ɗin mamaci a kafaɗata, na matsa gaba.

"Ranka ya daɗe," na ce wa shugaban da Turancinmu na dā, "wannan saurayi ƙarya yake yi, kuma tarbiyyar da na ba shi ce ta sa shi yin ta. Hankicin nawa ne. Ni na tuge su."

"Baba, don Allah a bari," in ji Abba da Hausa.

"Rufe mini baki. Manya na magana."

Shugaban ya tambaye ni wa zan sayar wa. Na ce a garinmu ko kyauta ka ba mutum wannan, sai ya kai ƙararka wurin mai unguwa. Na nuna masa ƙasar da ke ƙarƙashin farcena. Sa'an nan na ɗaga tsiro ɗaya na yi masa bayanin da na saba yi a gindin bishiya: yadda yake kama saiwar gero, yadda gona guda ke mutuwa a tsaye, yadda na ga magidanta a Babura sun tashi da rumbu wayam saboda furen da bai fi wannan kyau ba. Na ce niyyata in ƙone su.

Da na ambaci ƙonewa, Madam Ilse ta nemi wurin zama.

Shugaban ya karɓi tsiron daga hannuna ya jujjuya shi. Can ya ce shi ba ɗan wannan yanki ba ne. Daga gabashin ƙasar ya fito, kuma a gonar masarar kakarsa akwai irin wannan abu mai jan fure, tun suna yara take sa su tuge shi. Ya ce amma wannan ba shi ba ne, kuma a nan ba gona ba ce. Na ce wannan ra'ayinsa ne.

Ya shiga ofis ya yi waya, ya fito da hukunci. An ci ni tara. An rubuta wa Abba gargaɗi saboda barin baƙo ya sauka daga turba. An hana ni sake shiga gandun har iyakar rayuwata, hukuncin da ban taɓa karɓar mai daɗinsa ba. Amma akwai sharaɗi kafin a mayar da katin. Ya ce tun da saiwoyin ba su tsinke ba, wataƙila su rayu, kuma bai ga wanda ya fi dacewa ya mayar da su ba sai wanda ya iya cire su haka tsaf.

Haka aka koma da ni bayan dutsen, ayari guda na biye. Ni, Malam Tuge-ka-ƙone, na durƙusa da gwiwoyin da suka gaza zagaya gonar mahaifina, na buɗe ramin, na jera tsirran a jikin saiwar kurmin da suke tsotsa, na mayar da ƙasa na danna. Aka miƙo mini ruwan gora, irin wanda ake saye, na yi musu ban ruwa. Ina jin ƙarar kyamarori a bayana. Madam Ilse ta dogara sandarta ta sunkuya kusa da ni, ta daɗe tana kallon furen da ya riga ya langaɓe, sa'an nan ta dafa kafaɗata ta ce ta gode. Ban san abin da take gode wa ba. Da na tashi miƙewa gwiwoyin suka ƙi, Abba ne ya ɗaga ni. Katin yana wuyansa.

A hanyar komawa masauki, da muka yi nisa, Abba ya juyo gare ni.

"Baba," ya ce a hankali, "da an yi shiru, da an samu abin da aka zo nema."

"Kalli hanya," na ce. "Kuma ka gaya wa mutanen nan su riƙa ce maka Abba."

Ban sake tayar masa da maganar gona ba, shi ma bai tayar ba. Da muka koma Cape Town na mayar wa Hajiya Gadija kwat ɗinta, ta ƙi karɓa. Abba ya raka ni filin jirgi, ya durƙusa ya yi mini sallama, na dawo ni kaɗai.

Kashegarin isowata na hau babur ɗin ɗan acaɓa zuwa hanyar Roni. Malam Hashimu ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma shi ma yana da tasa gonar. Gefen gabas gaba ɗaya ya yi shunayya, fure a kan fure a ƙarƙashin gero, geron kuwa ya tsaya gajere ya yi rawaya. Labarina ya riga ni isowa ta bakin Hajiyata, wadda Abba ya gaya wa ta waya.

"Malam," in ji Hashimu yana danne dariya, "ko mu kafa ƙofa mu fara yankar tikiti? Ka ga mu ma Allah Ya ba mu."

Na ce ya ɗauki hoto da wayarsa ya aika wa Abba, ya rubuta masa cewa ya kawo Turawansa, namu ba ya jiran rana ta take. Ba mu kai bakin gona ba wayar ta yi ƙara. Hashimu ya miƙo mini.

"Baba, wannan a gonarmu ne?" Muryarsa ta canja. "Ya kusa zuba iri. Don Allah kada a bar shi ya kai jibi. A tuge da saiwa, kada a yar a gona, a kwashe a fitar a ƙone."

Gonarmu, ya ce. Na bar shi ya kai ƙarshen dokar ban katse shi ba.

"Na ji, malam," na ce. "Za a yi."

Ban tambaye shi yaushe zai dawo ba. Na mayar wa Hashimu wayarsa, na tuɓe babbar riga na rataye a reshen gawo, na sunkuya na kama na farko. Iyakar abin da na gano ke nan. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma tsare zuriyarmu a duk inda suke neman abincinsu.